Amsa ga ɗan'uwan da aka kora kan ɓatan kaya a sito

Ɗan'uwa, sannu, Allah Ya kawo mafita. Ka ce shekara 6 kana aiki a wani kamfani a Idu, Abuja, kaya suka ɓata a sito, aka miƙo maka takardar kora ba wanda ya ji ta bakinka, kana tambaya ko kotu za ta share maka hawaye. Wannan ciwon na san shi, shi ya sa na kasa wucewa.

Kafin komai, kar ka sa hannu a kan kowace takarda. Za su iya kiranka da murya mai taushi su ce ka rubuta cewa kai ka ajiye aiki don a rufa maka asiri. Asirinsu suke rufawa. Kuɗin sallama ma kar ka karɓa sai lauya ya gani, domin gobe za su ce ka amince.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke yin ta. A karɓe katin aikinka a gaban yaran da kai ka koya wa aiki, a sa maigadi ya raka ka bakin get kamar ɓarawo, manajan da mukullin siton ke hannunsa kuma yana zaune cikin sanyin ofis. Ka koma gida ka rasa abin da za ka ce wa iyali. Wallahi sunan ɓarawon nan ya fi rashin albashin zafi.

To amma nan ne suka yi kuskure. Wanda ya rubuta dalilin kora, shi zai tabbatar da dalilin a kotu. Kuma dole a fara ba ka takardar tuhuma a rubuce, a ba ka lokacin amsawa, in akwai kwamitin ladabtarwa ka zauna ka kare kanka. Rashin wannan kaɗai ya isa ya rusa korar.

Kar ka ɓata kuɗinka a kotun majistare ko babbar kotu. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin irin wannan ƙara ita kaɗai, tana nan Area 11 a Garki. Tana da sashen sulhu ma.

Tattara takardar ɗaukar aiki, littafin ƙa'idojin kamfani, takardun albashi, bayanin banki na wata 6 da takardar korar. Saƙonnin WhatsApp kar ka goge ko ɗaya, amma gaya wa lauya tun da wuri, domin sashe na 84 na dokar shaida yana neman takardar tabbaci kafin a karɓi abin da ya fito daga waya. Mutane da yawa a nan ake kayar da su.

Gaskiya kuma, kamfani mai zaman kansa da wuya kotu ta tilasta masa mayar da kai. Wannan na ma'aikatan gwamnati ne da doka ta tsara aikinsu, su kuma su shigar da ƙara kafin wata 3 ya cika. Kai abin nemanka shi ne kotu ta ce korar ba bisa ƙa'ida aka yi ta ba, a biya ka haƙƙoƙinka da diyya, da albashin wa'adi, wato kuɗin da ake biya a madadin sanarwar sallama, wanda sashe na 11 na dokar ƙwadago ya sa wata 1 ga mai shekara 5 zuwa sama.

Af, fanshonka kuma ba su da iko da shi. Bayan wata 4 ba aiki, kana iya cirar kashi 25 cikin 100.

Ka duba takardar korar ka faɗa mana: sata suka rubuta ƙarara, ko sakaci?