Ta ina zan ɓullo wa Turancin tsofaffin littattafai?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin adabin Turanci a jami'a. Ina fahimtar jaridu da littattafan zamani, amma da zarar na buɗe Shakespeare ko Dickens sai kaina ya ɗaure. Na haddace manyan kalmomi da yawa, ban ga amfaninsu ba. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malama, hadda ba ta fisshe ki ba ne domin kalmar da ta fi ɓatar da mai karatu a tsohon rubutu ita ce wadda ya saba da ita. Baƙuwar kalma takan tsayar da ke har ki ɗauko ƙamus, amma sananniya sai ki wuce ta da ma'anarta ta yau, alhali marubucin wani abu dabam yake nufi. A zamanin Shakespeare, wanda ya mutu a 1616, "presently" na nufin nan take, "want" sau da yawa rashi take nufi, "wherefore" kuma ma'anarta "saboda me". Haka nan "thou" da "you": ta farko ana faɗa wa na kusa ko na ƙasa, ta biyu ta girmamawa ce, kamar yadda wasu Hausawa ke ce wa babba "ku". Idan mutum ya sauya daga "you" zuwa "thou" ana tsakiyar magana, ki lura, ko dai ƙauna ce ta motsa ko kuma raini.

Saboda haka ki nemi bugun da ke da sharhi a ƙasan shafi, ki kuma saba da babban ƙamus na Oxford, wanda ke jera ma'anonin kalma bisa tarihi, kowace da shekararta da misalinta. Duk kalmar da za ki rubuta a littafinki, ki kwafe ta tare da jimlar da kika tsince ta a ciki. Wannan shi ne abin da na fi matsa wa ɗalibaina a kai.

Sanin asalin kalmomi ma yana rage wahala. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latin kuma na coci da ilimi, shi ya sa ma'ana ɗaya kan sami kalmomi uku: "kingly" ta asalin Turanci, "royal" daga Faransanci da "regal" daga Latin, duk ma'anarsu "na sarki". Wanda ya karanta waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 ya san yadda sanin Larabci ke buɗe Hausarsu, kuma irin aikin da saiwoyin Latin ke yi wa Turanci ke nan.

Ki fara da Dickens, wanda ya mutu a 1870, tunda Turancinsa ya fi kusa da na yau, sannan ki riƙa komawa baya. Chaucer kuwa, tsohon mawaƙin Ingila, wanda ya mutu a 1400, ki bar shi sai ƙarshe.