Ga jikana, kan hawan igiyar teku

Abokina, saƙonka ya iso. Wai abokanka na bakin tekun Kokrobite sun ce hawan igiyar teku a kan katako wasan Turawa ne, shi ya sa kake tambaya ko ya dace ɗan zango ya koya. Na yi murmushi, amma daren nan ban yi barci da wuri ba.

Wa ya ce na Turawa ne? Mutanen Hawai ne suka gada kaka da kakanni, har sarakunansu na da dogon katakon da talaka ba ya hawa. Bayan zuwan 'yan mishan a 1820 abin ya ja baya, sai wani ɗan Hawai, Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a iyo a Olamfik ta 1912, ya yaɗa shi har Sidni. A 1925 kwalekwalen kamun kifi ya kife a Kalifoniya, da katakonsa Duke ya ceto mutum takwas. Mu nan Ankara ta Gana kuwa, tun 1834 wani Bature ya rubuta cewa ya ga yara suna yi.

Ni ma na gani da idona. Kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962, manyan jirage can nesa suke tsayawa, matuƙa su kwaso kaya a kwalekwale suna waƙa. Wata Alhamis, ba makarantar allo, na sulale daga Sabon Zango zuwa Jamestown, gindin hasumiyar fitila. Yaran masunta kowa da guntun katakon tsohon kwalekwale. Su kwanta rubda ciki a kai, su waiga, su jira babbar igiya, ta kwaso su fuuu har kan yashi. Wani ya ara mini nasa. Ta farko ta ɗauke ni, daɗin har yau yana ƙirjina. Ta biyu ta nannaɗe ni kamar tabarma, bakina cike da yashi da gishiri, ban san sama ba ban san ƙasa ba. Wani dattijo mai ɗinkin koma, ashe tun ɗazu idonsa na kanmu, shi ya fizgo ni ta wuyan riga.

Baba bai doke ni ba. Ya zaunar da ni ya ce, “Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Yaran can a bakinsa aka haife su, kuma akwai babba a bayansu.”

Abin da ke damuna da ku ke nan. Ku shiga ruwa, wanda aka bari a gaɓa waya yake riƙe yana ɗaukar hoto. Ka iya iyo sosai kuwa? Mahaifiyarka ta sani? Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci, ka faɗa mini wanda zai tsaya maka a bakin ruwa.