Shekara biyu ina ba shi ruwa, ko fure ɗaya babu

Salam Anti. Ni 'yar Bukuru ce. Ƙanin maigidana da ke zuwa Guangzhou sarin kaya ne ya kawo min saiwar wata fulawa wai ita peony, ya ce tana shekara 50 ba ta mutu ba. Na shuka a bayan kicin, kullum ina ba ta ruwa, amma ganye kawai take yi ta bushe, shekara biyu kenan. Hannuna ne ba kyau ko me?

Wa'alaikis salam ƙanwata. Wallahi ba laifin hannunki ba ne, kuma bai miki ƙarya ba, peony tana wuce shekara 50 in ta samu inda take so. A China sarkin furanni ake kiran ta, alamar arziki da daraja ce a wajensu, har biki ake mata duk watan Afrilu a garin Luoyang.

Matsalar sanyi ce. Za ki ce ai Jos muke, eh muna sama da mita 1,200 kuma Disamba sai da suwaita da safa, amma namu sanyin na dare ne, hantsi na yi ya gudu, ita kuwa sai ta yi makonni a jere cikin sanyi mai daskarewa kafin ta yarda ta yi fure. Ki dai duba ko kin binne ta da zurfi, idon saiwar kar ya wuce santimita 5 a ƙasa.

Ni dai da ke ce, wardi zan koma, shi yana son garin nan sosai. Ki samo dashe wajen masu sai da fulawa a bakin titi, ki haƙa rami inda rana ke bugawa kamar awa 6, ki cakuɗa ƙasar da kashin shanu wanda ya ruɓe, ɗanye ƙona saiwa yake. Ruwa da safe a gindi, kar ki jiƙa ganyen, don da damina baƙin tabo ke kama shi, duk ganyen da ya yi tabon ki tsinke ki ƙona. Furen da ya yi yaushi kuma ki datse da almakashi, sabo zai fito. Ki sa ido kan gara.

Daraja ma ba a bar shi a baya ba. Ruwan wardin Ɗa'ifa, garin da ke kan tsauni kamar namu, shi ake haɗawa da zamzam a wanke Ka'aba. Peony ɗin kuwa ki bar ta inda take, ba ta son a yi ta tone ta.