Zamiya, Sukuwa da Babur Mara Birki: Amsoshin Tambayoyinku

Wani makaniken babura daga Maraɗi ya rubuto yana cewa: "Allah ya gafarta Malam, na ga wani wasa a waya, mutum huɗu a kan babura suna kewaya fili, kowa ya karkace, ƙasa sai tashi take. An ce baburan ko birki ba su da shi. Wannan tsere za mu kira shi ko sukuwa?"

Ɗana, kalmomin nan biyu ba ɗaya ba ne. Tsere gasa ce, sai da abokin yi, domin a ga wa zai riga wani. Sukuwa kuwa gudun doki ne da iyakar ƙarfinsa, ko kai kaɗai ne a fili. Idan ka fitar da dokin da yamma yana takawa a hankali don ya motsa jini, wannan kilisa ce. Amma kalmar da ta fi dacewa da abin da ka gani ita ce zamiya. Ka tuna ranar hawan sallah, mahayi ya taho a sukwane, yana isowa gaban sarki sai ya ja linzami, dokin ya dogara da ƙafafun baya yana zamewa, ƙura ta turnuƙe, mahayi ya ɗaga hannu ya yi jinjina.

Wasan da ka gani Turawa na kiransa sifidiwe, kuma gaskiya aka gaya maka, babu birki. Giya ɗaya ce tak, ƙarfin injin 500cc, ba fetur yake sha ba sai wani mai da ake kira metanol. Filin kamar ƙwai yake, mutum huɗu su kewaya shi sau huɗu, duk kwanonin na hagu ne. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Idan mahayi ya iso kwana, maimakon ya nemi tsayawa sai ya saki tayar baya ta fita gefe tana ci gaba da juyawa, ya karkata kan babur dama alhali hagu zai bi, ya dafa ƙasa da ƙafar hagu wadda ya sa wa takalmin ƙarfe. Bambancin kawai, mai doki yana zamiya don ya tsaya, mai babur kuwa don ya sha kwana. Saboda haka ni "tseren zamiya" nake cewa. Mutanen Folan, inda wasan ya fi karɓuwa a yau, su ma ba su ari sunan Ingilishi ba: sun raɗa masa sunan tokar kwal ɗin da ake shimfiɗa wa filin a da.

Abin da samarinmu ke yi da babura a kan kwalta ranar kai amarya kuwa, wannan sunansa ganganci.

Wata ɗaliba daga Zariya ta tambaya: "Malam, za mu yi rubutu a kan mutanen da suka fara wani wasa, na zaɓi wannan tsere na babura. Zan iya buɗewa da 'na gaba ya yi gaba, na baya sai labari' don girmama magabata?"

'Yata, kada ki buɗe da shi. "Na gaba" a nan ba magabaci ba ne, wanda ya yi fintinkau ne, ya tsere wa sa'o'insa har ba su hango ƙurarsa, sai dai su ji labarinsa a bakin mutane. Kirari ne na fifiko, shi ya sa 'yan siyasa da magoya bayan ƙwallo suke yawan faɗarsa. A cikin filin tseren kuwa ya zauna daram, domin wanda ya riga shiga kwanar farko shi ya fi yawan cin wasa, na bayansa ƙasa kawai yake sha a fuska. Don tuna magabata, abin da kike nema shi ne "waiwaye adon tafiya", ko "na gaba idon na baya".

Tun da waiwayen za ki yi, ki fara da garin Maitland na Ostareliya, ranar 15 ga Disamba 1923, inda wani ɗan asalin Niyu Zilan, Johnnie Hoskins, ya shigar da babura cikin wasannin filin baje kolin amfanin gona. Shi ake yawan jingina wa kafa wasan, amma ki yi hattara da kalmar "kafa". Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya Amurkawa na zamiya da babura a filayen ƙasa. Hoskins gwanin talla ne da tara jama'a, ga shi ya yi tsawon rai har 1987, ya samu lokacin ba da labarin yadda yake so.

Ranar 19 ga Fabrairu 1928 aka yi taron High Beech a dajin Epping kusa da Landan, wanda ake ɗauka shi ne mafarin wasan a Ingila. Mutum kusan 30,000 suka cika wurin, wasu har kan bishiyoyi. A shekarar nan gwanaye suka yi ta kwararowa: Vic Huxley da Frank Arthur daga Ostareliya, Sprouts Elder daga Amurka. Salon hawansu ma daban ne da na yanzu, domin ƙafar hagu a baya suke barinta tana ja, gwiwa kamar za ta taɓa ƙasa, kafin a koma ga miƙa ƙafar gaba.

Ke da kike mace, kada ki manta da Fay Taylour 'yar Ailan, wadda ta kara da maza a Ingila da Ostareliya ta kuma doke da yawansu, har aka hana mata shiga wasan a Ingila a 1930, ta koma tseren motoci. Ki sa Tom Farndon a ciki, tauraron ƙungiyar New Cross, wanda ya yi haɗari a filinsu a 1935 ya rasu yana ɗan shekara 24.

Tambaya ta uku daga wani malamin makaranta ce a Kumasi. Ya ce ya karanta labarin gasar duniya ta farko, inda wanda ya ci duk tserensa bai samu kofi ba, shin wannan ne "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi"?

Malam, bari mu fara da gardi, don yaran yanzu da yawa ba su san shi ba. Gardi shi ne mai yawo da kura kasuwa-kasuwa, ya sa mata takunkumi da sarƙa, yana dukanta da sanda tana tsalle, 'yan kallo na jefa masa kuɗi. Ana faɗin karin maganar ne idan wani ya sha wahala, wani daban da bai yi gumi ba ya kwashe riba.

Ga abin da ya faru a filin Wembley ranar 10 ga Satumba 1936. Bluey Wilkinson ɗan Ostareliya ya fita sau biyar ya zo na ɗaya sau biyar, maki 15 cif. Sai dai dokar lokacin ta ce a haɗa da makin da kowa ya taho da shi daga zagayen share fage. Da aka haɗa, Wilkinson ya tashi da 25, Lionel Van Praag na Ostareliya da Eric Langton na Ingila kowanne 26. Aka sake fitar da su biyun, Van Praag ya yi nasara, Wilkinson ya zama na uku.

Ka ga ke nan babu gardi a nan. Van Praag shi ma ya sa ransa a kan babur mara birki kamar kowa, kuma an san dokar tun kafin a fara. Ko dokar ta yi daɗi ko ba ta yi ba, wannan wata magana ce, ni dai ban ga kyanta ba. Karin maganar da ta dace ita ce "ba a fafe gora ranar tafiya". Fafe gora shi ne a yanke bakinsa, a ƙwaƙule cikinsa, a jiƙa shi kwanaki har ɗacin ya fita, sannan ya yi zuba ruwan sha. Langton da Van Praag tun a zagayen baya suka gama nasu fafen.

Wilkinson bai haƙura ba, ya dawo ya ɗauki kofin a 1938, shekara guda bayan Jack Milne na Amurka. Gasar 1939 yaƙi ya hana ta, ba a sake yi ba sai 1949, lokacin da Tommy Price ya zama ɗan Ingila na farko da ya ci. Shi Wilkinson a 1940 ya rasu a haɗarin babur a kan titin birnin Sidni, ba a filin tsere ba.