Amsa ga 'yar'uwar da mantuwa ta dama, mai tambaya kan gem ɗin ƙwaƙwalwa

Salamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki da aka saka jiya da dare, cewa tun da kika haihu mantuwa ta sa ki a gaba, ki shiga ɗaki ki tsaya kina rarraba ido ba ki san me ya kawo ki ba, ki zuba gishiri sau biyu a miya, sallah ma kullum sai da ƙabli ko ba'adi, kuma wai an ce ki sauke gem ɗin nan na motsa ƙwaƙwalwa a waya shi ne kike tambaya ko da gaske suna aiki. Wallahi ina karantawa na ji kamar ni na turo. Na ga wasu sun ce ki sha zuma da zabibi, wasu har sun yanke hukunci wai sammu ne, to bari ni ma in faɗi nawa, in ya yi tsawo ki yi haƙuri.

Gem ɗin nan na yi su har na gaji. Na sudoku, na buɗe kati ki nemo ɗan'uwansa, da wanda lambobi ke fitowa su ɓace a ce ki jero su. Kuma na ƙware fa, har yarana ke kawo min waya in fitar da su inda suka maƙale. Amma a lokacin nan ne dai zan birkice ɗaki ina neman makulli alhali yana ƙulle a haɓar zanina. Ƙwarewar a cikin wayar take tsayawa, ba ta bina kicin. Ƙanwata da ke aikin jinya ce ta nuna min ashe an ma gwada abin a Ingila tun 2010 tare da BBC, mutum 11,430 suka yi sati shida suna irin wasannin nan, kowa ya ƙware a wasan da ya yi ta yi, amma da aka kawo musu wani gwajin daban ba su fi waɗanda aka sa lalube kawai a intanet ba. Akwai wani babban gem mai suna Lumosity, ba shi na yi amfani da shi ba, shi a 2016 wata hukumar gwamnatin Amurka sai da ta sa kamfaninsa ya biya dala miliyan 2 saboda tallan da yake yi cewa wasansa na kare mutum daga ruɗewar tsufa ba tare da hujja ba. Ban ce duk banza ne ba, an horar da tsofaffi 2,832 a Amurka kuma bayan shekara 10 ana ganin sauran amfanin a wajen saurin gane abu, sai dai su malami ne ya zaunar da su ya koya musu, kuma ɓangaren riƙe abu a ka ɗin da ke damunmu ni da ke shi bai daɗe ba. In kina jin daɗinsu ki yi, amma kar ki cire kuɗin cefane ki biya na wata-wata.

Abin da nake ji miki tsoro ma ba gishirin miya ba ne, mutane ne. Da zarar an san ki da mantuwa shi kenan kin zama abin taɓawa. Ni ce uwar adashen layinmu a lokacin, kuma da kai nake riƙe komai don a da ko zubin wa aka tambaye ni zan faɗa har da ranar da ta kawo. Ranar kwasa kuɗi suka ƙi cika, zubin mutum ɗaya babu har na wata biyu, kuma na san ko ta wace ce, na sani har cikin raina. Na kira ta gefe cikin mutunci, matar da nake ba wa aron keken ɗinkina, matar da in ta yi baƙi ni ke aika mata da kwanuka, sai ta ɗaga murya don kowa ya ji, wai ta ba ni a ƙofar kicin ina goye da yaro na sa a ƙugu. Ta juya wajen sauran mata tana tafa hannu tana cewa ku fa shaida ne, wannan ba ita ce ta bar tukunya a wuta ta tafi barka ba? Aka kwashe da dariya. Wata ma cewa ta yi a yi min uzuri jego ne ya taɓa min kai. Ina tsaye a tsakar gidana, nono na zuba ya jiƙa min riga, yaro na tsala kuka, na buɗe baki in rantse sai na ji ni kaina ina shakka, to ko ta ba ni ɗin ne? Wannan shakkar ita ta fi kuɗin ƙona min rai. Na sayar da atamfata sabuwa ko ɗinkawa ban yi ba na cika musu. Har yau in mun haɗu a biki ita ke fara gaishe ni da fara'a, har da tambayar ya jikin, jikin me? Na bar ta da Allah, amma ban ce na yafe ba, kar ma wata ta zo ƙasan nan ta yi min wa'azi.

To don Allah duk abin da ya shafi kuɗi ki rubuta. Littafi ɗan ƙarami na 'yan makaranta da biro ɗaure da zare, wadda ta kawo ta sa hannu ko ta dangwala, in ta waya aka turo ki ajiye risit ɗin. Ko maigida ne ya ba ki ajiya ki rubuta a gabansa, ba rashin yarda ba ne.

Sannan ki je asibiti a duba jininki, wannan shi ya kamata in fara faɗa ma. Ni da na je ashe jinina ne ya yi ƙasa sosai tun zubar da na yi wajen haihuwa, ga jiri ga kasala ga bugun zuciya in na hau bene, duk na ɗauka gajiyar raino ce. Aka ba ni ƙwayar ƙarin jini, tana sa bayan gida ya yi baƙi kar ki tsorata, kuma kar ki kora ta da shayi don yana hana jiki ɗaukarta. Hanta, wake, zogale, alayyahu, ƙwai, kifi, duk wanda aljihu ya iya. Ki ce a duba miki suga da hawan jini da tayirod, wato abin nan na maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, don yakan rikice wa mace bayan haihuwa. Ƙarancin bitamin B12 ma na kawo mantuwa, musamman ga wanda ya daɗe yana shan metformin na suga. In kuma kina cikin masu shan piriton ko maganin tari don barci ya zo, ki faɗa wa likita, su ma suna dakushe kai.

Likitar da ta gan ni tambaya ɗaya ta yi min na yi shiru, wai awa nawa nake barci. Yaro ya tashe ni, in ya koma ni kuma in ɗauki waya wai ina motsa ƙwaƙwalwa har a kira assalatu. Ashe a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka gani da rana, babba yana buƙatar awa 7 ko fiye. Na san mai jego za ta ce a ina, nima na faɗa. Amma in yaro ya yi barcin rana ki bar wanke-wanken nan ki kwanta, ba inda kwanukan za su je. Kuma mazan nan a gaya musu gaskiya, riƙe jariri na awa ɗaya bayan isha'i ba ya rage wa namiji komai, nawa sai da yayarsa ta yi masa magana, wannan ma wani labarin ne.

Shiga ɗaki ki manta kuwa kowa na yi, har bincike aka yi a wata jami'a a Amurka aka ga wucewa ta ƙofa kanta na sa abin da ke ran mutum ya zille. Ni in zan tashi sai in faɗa da baki, almakashi, almakashi, har in isa. In na kashe gas in ce na kashe gas da ƙarfi, yara na dariya ina yi. Makulli ƙusa ɗaya na kafa masa a bayan ƙofa. Maganin yaro da ranar rigakafi alam na waya ke riƙe min. Yawancin abin da muke cewa mun manta tun farko bai shiga ba, hannu na miya, kunne na waya, ido na kan yaro.

In kuma so kike ki horar da kan da gaske, ki koma hadda. Abin da malaman allo ke yi tun kaka da kakanni, a biya yau, a wanke, gobe a kawo da ka, a yi ta tilawar baya, shi ne wani Bajamushe Ebbinghaus ya auna a 1885 ya ga abin da aka koya yana zubewa da sauri a farko sai in ana waiwayarsa a rarrabe. Aya uku bayan asuba, ki rufe Alƙur'anin ki karanto, da la'asar ki sake, bayan kwana biyu ki sake. Rufewar nan ita ce aikin, ba yawan kallon shafi ba. Kuma Islamiyyar da ƙafa nake zuwa yanzu ba a adaidaita ba, don an gwada tsofaffi 120 a 2011, masu tafiyar minti 40 sau uku a sati, bayan shekara ɗaya wurin ajiyar tunani a ƙwaƙwalwarsu ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari. Ko ludo kika buga da yaranki ana musu ana dariya, a ganina ya fi ki ƙule a ɗaki da waya.

Abu ɗaya ban gani a tambayarki ba, ya zuciyarki take? In kina yawan kuka ba dalili, ko komai ya fita a ranki har yaron, wannan damuwar bayan haihuwa ce, tana cin tunani kuma tana da magani, ba rashin imani ba ne. In kuma abin ya kai ki ɓata a hanyar da kika saba, ko ki yi ta maimaita tambaya ɗaya har mutanen gida su lura, kar ki jira ranar awo. Ki je dai a auna jinin, in sakamakon ya fito ki dawo nan ki faɗa mana nawa aka ce, kuma watan yaron nawa yanzu?