Tambaya da Amsa: Me Zan Saya Don Kallon Wasan Ƙarshe na Tanis?

Tun daga ranar 8 ga Yuni 2025, kwana biyu bayan Babbar Sallah, da Carlos Alcaraz da Jannik Sinner suka shafe awa 5 da minti 29 suna fafatawa a wasan ƙarshe na gasar Faransa, tambayoyi kan tanis suka fara yawa a wannan fili. Ga guda biyar daga Kebbi da Zamfara.

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi. Na kwashi adashi ina son sauya talabijin. Mai shago ya nuna mini mai inci 55 da ake kira 4K, ya ce har gumin ɗan wasa zan gani, amma za ta cinye kuɗin duka. Akwai mai inci 43 da zan samu canji. Tanis na fi kallo. Wacce zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, Malam. Ɗauki mai inci 43, canjin kuma ka sayi batir da inbata.

Tanis wasa ne marar agogo. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san minti 90 ne, ya san man da zai zuba wa janareta. A manyan gasannin tanis huɗu kuwa, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka, maza na yin turmi har biyar, wanda ya riga cin uku shi ne zakara, kuma babu mai iya ce maka ga lokacin tashi. Novak Djokovic da Rafael Nadal sun yi awa 5 da minti 53 a gasar Ostireliya a Melbourne a 2012, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin waɗannan gasanni. Daɗin wasan kuma yana can ƙarshe. A wasan 2025 da na ambata, Sinner ya ci turmi biyu na farko, a na huɗu ya samu dama uku a jere ya gama komai, Alcaraz ya kuɓuta daga dukkansu ya juya wasan. Wanda wutarsa ta yanke a awa ta uku labari kawai ya ji washegari.

Ni kaina na ɗanɗana wannan. A Wimbledon ta 2019, ina gidan wani aminina, turmi na biyar, Roger Federer na gaban Djokovic da 8 da 7, sai aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta, dikoda ya gama farfaɗowa, Federer ya riga ya ɓarar da damarsa biyu ta ɗaukar kofi. Djokovic ne ya ci bayan awa 4 da minti 57. Talabijin ɗin gidan babba ce ƙwarai, ba ta amfane mu da komai ba a waɗannan mintuna. Har yau abin na yi mini ciwo.

Lissafin batir ba shi da wuya. Talabijin mai inci 43 da dikoda ba sa wuce wat 100 a haɗe. Awa shida ke nan wat-awa 600. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe kusan ninki biyu na haka, kuma irin batirin da aka saba da shi ba a son a zuƙe fiye da rabinsa. To zai kai ka, muddin ba a jona masa firji ko dutsen guga ba. Babban amfaninsa shi ne in an ɗauke wuta hoto ba ya ko ƙiftawa.

Maganar 4K kuwa, talabijin ba ta ƙirƙiro abin da ba a aiko mata ba. In tashar da kake kamawa HD take watsawa, wato hoton da bai kai 4K kaifi ba, HD za ka gani ko da wace irin talabijin ka saya. Daga nisan mita uku ma ido ba ya rarrabe su sosai. Abin da ya kamata ka gwada shi ne yadda take nuna gudu. Ƙwallon tanis faɗinsa bai kai santimita 7 ba, kuma bugun farko na manyan 'yan wasa kan wuce kilomita 200 a awa. Talabijin mai rauni sai ta ja wa ƙwallon wutsiya, ko ya ɓace ya sake bayyana. A shago hotunan furanni da kifaye suke sawa, don ba sa motsi da sauri. Ka ce a sa maka wasa, ka tsaya minti biyar kana bin ƙwallo da ido. In 'yar Kwatano ce, duba bayanta ka tabbatar tana ɗaukar bolt 220 zuwa 240.

Malam, a Yauri nake. Da hadari ya haɗu sai hoto ya kakkarye ya ɗauke. Mai gyara ya ce sai na sayi sabon dikoda.

Kada ka saya, ɗan'uwa, dikoda ba shi da laifi. Saƙon tauraron ɗan'adam da irin waɗannan farantai ke kamawa ruwan sama yana raunana shi, kuma ku a kudancin Kebbi, Yauri da Zuru, kun fi mutanen Argungu samun ruwa. Ga shi uku daga cikin manyan wasannin ƙarshe huɗu a damina suke faɗowa: Faransa a farkon Yuni, Wimbledon a Yuli, Amurka a Satumba.

In farantinka ƙarami ne, koma mai santimita 90. A sake saita shi da rana tsaka, mai saitin yana duba ma'aunin ingancin sigina a allo har ya kai iyakar abin da zai iya, ba da zarar hoto ya fito ya sauko daga tsani ba. A ɗaure shi da kyau, don iskar farkon damina kan karkata shi kaɗan ba tare da ka lura ba. A duba mahaɗar waya da na'urar da ke gaban farantin, wadda suke kira LNB, domin nan ruwa ke shiga ya yi tsatsa. Mamakon ruwa zai iya ɗauke hoto duk da haka, sai dai na ɗan lokaci ne, ba da yayyafi ba.

Ɗalibi ne ni a Gusau, a waya nake kallo. Data nawa zan tanada?

Ƙanena, hoto mai kyau na HD kan ci giga 2 zuwa 3 a awa, wasan awa biyar ke nan zai iya lashe giga 10 zuwa 15. A allon waya ba ka buƙatar haka; rage ingancin zuwa matsakaici, abin zai sauko kusan giga ɗaya a awa. Guji shafukan sata, su ne ke yankewa daidai lokacin da kowa ya afka musu, wato turmin ƙarshe, ga tarkacen da suke cusa wa waya. Ka kuma kashe sanarwar sakamako, don hoton intanet na zuwa a makare, sai ka ga maki kafin ka ga bugun.

Daga Talata Mafara nake rubutowa. Tambayoyina biyu. Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, ya buga tanis da ƙuruciya. Kullum yana ƙorafin masu sharhi sun cika surutu, kyamara kuma sai ta bar fili ta koma nuna manyan baƙi. In na sauya masa kamfani abin zai gyaru? Na biyu, in ya fita masallaci wasa na wuce shi.

Allah Ya yi miki albarka, Malama, Ya ƙara wa Baba lafiya. Ƙorafinsa na wanda ya san wasa ne, kuma ina tare da shi.

Sai dai sauya kamfani ba zai gyara kyamara ba. Masu gasa su ke ɗaukar hoton su rarraba wa tashoshin duniya. Wimbledon, alal misali, tun 2018 ta karɓi wannan aiki a hannunta. Abin da Baba ke gani a Mafara shi ake gani a yawancin ƙasashe: kusurwa ɗaya, maimaici ɗaya, fuskokin baƙi ɗaya. Abin da ke bambanta tsakanin tasha da tasha shi ne masu sharhi, da yawan talla, da yadda aka matse hoton kafin a turo shi.

A ganina kyakkyawan ɗauka shi ne wanda kyamara ke zaune a bayan fili, daga ɗan sama, ana ganin 'yan wasan biyu da layuka duka har maki ya ƙare. Daga nan ne ake gane dabara: yadda Nadal ke tura abokin karawa can baya da ƙwallo mai tsalle, ko yadda Alcaraz ke jan mutum baya sannan ya ajiye masa ƙwallo a gindin raga. Tsakanin maki da maki daƙiƙa 25 ce kawai. In aka ɓatar da ita wajen nuna wani tauraro a rumfa, an hana mai kallo ganin maimaicin bugun da ya wuce, ko inda mai karɓa ya tsaya. Mai sharhi nagari kuma yakan yi shiru in ƙwallo na tafiya, ya bari a ji ƙarar bugu da ta takalmi, ya ajiye bayaninsa sai hutun daƙiƙa 90 na sauya gefe. Wanda ya taɓa riƙe raket kamar Baba yana gane nauyin bugu daga ƙararsa. Saboda haka in da sauran kuɗi, ƙaramar sifika mai kyau za ta fi faranta masa fiye da sabon kamfani.

Amma a yi adalci, talabijin ta yi wa tanis alheri mai yawa. A da, da fararen ƙwallaye ake wasa. Don masu kallo a gida aka shigo da rawaya a 1972, Wimbledon ba ta bi ba sai 1986. Gasar Amurka ta mayar da filayenta shuɗi a 2005, Ostireliya ta koma shuɗi a 2008, ƙwallo ya ƙara fitowa. Na'urar Hawk-Eye mai nuna inda ƙwallo ya sauka ta shiga gasar Amurka a 2006, kuma a 2025 Wimbledon ta sallami alƙalan layi ta bar wa na'ura aikin. Faransa ce ta fi wahalar kallo: jar ƙasa, ga rana, ga inuwar rumfa ta raba fili biyu. Ranar wasanta a rage hasken ɗaki, a ja labule.

Maganar masallaci tana da magani. Wasan ƙarshe na Ostireliya da ƙarfe 9:30 na safe agogonmu yake farawa, sai in ya yi tsawo ya taɓa Azahar. Na Faransa kan fara wajen ƙarfe 2 na rana, ya haɗa da La'asar, wani lokaci har Magariba. Wimbledon ta daɗe a ƙarfe 2, a 2025 ta koma ƙarfe 4. Na Amurka a 2024 da 2025 an sa shi ƙarfe 7 na yamma, daidai Magariba da Isha'i. Ki saya masa dikoda mai iya tsayar da hoto da naɗa, irin Explora na DStv. Ya danna tsayawa, ya je jam'i hankali kwance, ya dawo ya ci gaba daga inda ya bari, yana tsallake talla har ya cim ma wasan. Kafin ki biya kuɗin wata, ki buɗe jadawalin shirye-shirye ki tabbatar tashar SuperSport Tennis na cikin kunshin da kika zaɓa, don kamfanoni na sauya jerin tashoshinsu. Kuma ba dole a biya babban kunshi shekara duka ba. Watannin Janairu (wani lokaci Fabrairu), Yuni, Yuli da Satumba ne masu wasan ƙarshe.

Ranka ya daɗe, ina da gidan kallo a Argungu. In an tafi hutun ƙwallon Turai kasuwa mutuwa take yi. Tanis zai kawo mutane?

Alhaji, zai kawo, amma kada ka fara da sayen komai. Abin da kake da shi ya isa gwaji.

Ka lura da wani abu: wasan ƙarshe na Wimbledon ya sha faɗowa rana ɗaya da babban wasan ƙwallo. Ranar 11 ga Yuli 2021 Djokovic ya doke Matteo Berrettini da rana, da dare Italiya ta ɗauki kofin Turai a hannun Ingila. Ranar 14 ga Yuli 2024 Alcaraz ya doke Djokovic, da dare ƙasarsa Sifaniya ta doke Ingila. Ranar 13 ga Yuli 2025 Sinner ya rama a kan Alcaraz, daga baya Chelsea ta ci PSG 3 da nema a kofin ƙungiyoyin duniya. A irin wannan rana mutane za su zo ko ta yaya. Buɗe ƙofa da wuri, ka sa tanis kyauta ga wanda ya yanki tikitin dare.

Abin da ke korar sabon mai kallo shi ne ƙidaya: 15, 30, 40, sannan a ci wasa, wasa shida da ratar biyu su ba da turmi, in aka yi 6 da 6 a shiga raba-gardama, wadda tun 2022 ta zama ta maki 10 a turmin ƙarshe na manyan gasannin. Samo mutum ɗaya da ya iya, ya zauna gaba yana bayani da Hausa. Mutanen da suka tashi da kallon kokawa da dambe ba sa buƙatar a koya musu daɗin karon mutum biyu, ƙidayar kawai za a warware musu. Ka rubuta ta da alli a allo kusa da talabijin, ka kuma tanadi man janareta na awa shida, ba na awa biyu da ka saba ba.