Labarin Fanny Kemble gaskiya ne ko ƙirƙira?

Malama, kin tambaya ko fim ɗin talabijin na 2000 da Jane Seymour ta fito a matsayin Fanny Kemble ya bi tarihi. Ginshiƙinsa gaskiya ne.

Kemble 'yar wasan kwaikwayo ce daga Ingila. A 1834 ta auri Pierce Butler, Ba'amurke wanda daga baya ya gaji gandayen shinkafa da auduga a jihar Jojiya ta Amurka, tare da ɗaruruwan bayi. Ta zauna can 'yan watanni tsakanin 1838 da 1839. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne halin mata bayi, waɗanda ake kora gona mako uku kacal bayan haihuwa. Ta riƙa kai wa mijin kokensu har ya hana ta. Aure ya mutu a 1849, 'ya'yanta mata biyu suka zauna hannun uba. Littafin da ta rubuta kan zamanta a gandayen bai fito ba sai 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka.

Inda fim ya ƙara gishiri shi ne nuna ta tana tserar da bayi. Ni dai na fi son a nuna gwanjon bayi na 1859 a birnin Savannah na Jojiya, inda bashi ya sa Butler ya sayar da mutum sama da 400.